Tsinken Awon Baba Dogara

Ni direba ne, sunana Ashiru, kuma shekara ashirin da biyu ke nan ina jan ƙaramar bas tsakanin Gwaram da Birnin Kudu. Na ɗauki 'yan biki, na ɗauki marasa lafiya, na ɗauki akuya mai ciki a kujerar gaba, amma wallahi kayan da na fi ɗauka a rayuwata shi ne lalataccen ƙarfe. Duk injin da ya tsaya a ƙauyukanmu, sai a kwance abin da ya mutu, a naɗe shi a buhun taki, a tare ni a bakin titi a ce, "Ashiru, kai wa Baba Dogara, ka ce ya yi mana irinsa." Ba takarda, ba zane, ba awo. Haka muka taso muka ga ana yi, kuma ba wanda ya taɓa ganin aibun hakan.

Baba Dogara ɗan gidan maƙera ne daga Surko. Mahaifinsa fartanya da lauje yake ƙerawa, shi kuwa tun yana saurayi zugazugi ya ishe shi, ya bi wata babbar mota zuwa Kano. Shekara goma sha takwas ya yi a wata masana'anta yana aiki kan injin feƙe ƙarfe, wato injin da ake ɗaura masa sandar ƙarfe yana juya ta, kai kuma kana matso da wuƙar injin a hankali tana sassaƙe ta har ta zama abin da kake so. Da masana'antar ta rufe, sai ya dawo gida da tsohon inji guda a bayan mota, ya kafa shi a wata rumfar kwano bayan tashar Birnin Kudu. Gajeren mutum ne, mai kaurin wuya, magana ba ta dame shi ba. Ka gaishe shi sau uku ya amsa sau ɗaya. Kayan aikinsa kuwa, ko magagari ka taɓa, kallon da zai yi maka sai ka ji kamar ka saci takalmi a masallaci.

Gyara ba shi ne abin da ya ɗaga sunansa ba. Injin sussuka ne. Da hannunsa ya ƙirƙiro shi, daga tsoffin durom da ƙarafan matattun motoci, ba wanda ya koya masa. Ka zuba masa dawa ko gero ta sama, tsaba ta fito ta nan, ƙaiƙayi ya tashi ta can. Aikin da mata goma za su wuni suna yi da taɓarya, kafin azahar ya gama shi. Guda talatin da huɗu ya ƙera, suna nan warwatse daga Surko har Maruta, kuma ni na kai fiye da rabinsu a saman motata.

Kowane ɗaya daga cikinsu yana tafiya ne a kan sandar ƙarfe guda da ta ratsa tsakiyarsa. Makanikai suna ce mata shaf, shi kuwa Baba ƙashin baya yake ce mata. A wuyanta ake zaunar da fuli, faifan nan da bel yake ja. Duk bayan kaka biyu ko uku sai aiki ya cinye wuyan, a kwance a ba ni in kai masa. Ba shagon da ake sayar da ita a duk faɗin ƙasar nan, don ba kamfanin da ya san da ita. Awonta kuma ba ya kan kowace takarda. Wani siririn ƙarfe ne na wilin keke, tsawon taƙi guda, wanda Baba ya yi wa tsage-tsage da magagari, yana zaune a aljihun gaban rigarsa inda wasu suke sa biro. Shi ake kira tsinken awo. Ni dai ban taɓa ganin sa a hannun wani mahaluƙi ba in ba Baba ba.

Magaji kuwa babu. Ɗansa namiji guda malamin makaranta ne a Dutse, ƙarar inji ma ciwon kai take sa shi. Waɗanda aka kawo masa koyon aiki ba sa wuce damina biyu, sai su gudu su kama acaɓa, don Baba bai iya koyarwa da baki ba. In ka tambaye shi yaya ake yi, sai ya ce, "Ka taɓa ka ji." To me za ka ji? Ni na taɓa sau ɗari, ƙarfe kawai nake ji.

Bara waccan na fara lura da hannunsa. Muna zaune wurin mai shayi da hantsi, ya ɗauki kofi, sai na ga shayin yana zuba a kan yatsunsa. Ya yi maza ya ajiye, ya ce zafi ne. Bayan wata biyu wani mutumin Gwaram ya ba ni sanda ya ce in mayar wa Baba, ba ta zauna ba. A shekara arba'in wannan ne karo na farko da aikinsa ya dawo. Ya karɓa, ya juya ta, ya jefa ta bayan rumfa, bai ko dube ni ba. Wallahi ranar sai da na ji kamar ni aka mara.

Kakar bana abin ya zo wuya. Sanduna goma sha biyu suka cinye kusan lokaci guda, cikinsu har da ta Hajiya Hapsatu ta Maruta. Ita ce shugabar matan da suka haɗu suka mallaki inji ɗaya, kuma da shi ake sussukar unguwa guda. Damman dawa na nan jibge a masussuka, gara na ci ta ƙasa, awaki na ja ta gefe. Na kai wa Baba sandarta. Mako ɗaya shiru, mako biyu shiru, Hajiya kuwa kullum sai ta tare ni a hanya kamar ni na haɗiye ƙarfen. Ranar da na gaji na shiga rumfar da niyyar in yi masa tsiya, sai na same shi tsaye gaban injinsa. Injin na juyawa, shi kuma ya haɗa hannuwa a baya, bai matsa kusa ba.

"Baba, lafiya?"

"Ashiru, hannun ya ƙi."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Amma na gane sauran. In hannun nan ya ƙi, injina talatin da huɗu za su bi shi ɗaya bayan ɗaya, mata su koma taɓarya, aikin rayuwarsa ya zama kayan 'yan gwangwan tun yana da rai yana kallo.

To a daidai lokacin ne wani Injiniya Musaddiq, ɗan garin ne da ya daɗe yana aiki a Kano, ya dawo ya buɗe wurin aikin ƙarfe a kan hanyar fita gari. Rufin ginin duk farantan sola ne. Ana ta labari a tasha wai yana da inji mai kwamfuta wanda ba ya buƙatar hannun mutum. Ni kuma da karambani irin na direba, sai na ce ai ga mafita. Na koma wurin Baba na shirga masa ƙarya, na ce Hajiya ta ce a mayar mata da sandarta. Ya miƙo mini ba tare da ya ɗaga kai ba. Na kai ta bayan tasha na wanke ta da fetur, na goge ta da yashi har tana ƙyalli, don kada in shiga wurin 'yan boko da ƙazamin ƙarfe su raina ni.

Musaddiq mutum ne mai sanyin magana, ya kai shekara arba'in da 'yan kai. Ya karɓi sandar ya juya ta.

"Malam Ashiru, akwai zanenta?"

"Wane zane kuma? Ga abu a hannunka! Irinta za ka yi mana, guda goma sha biyu."

"Sabuwa ce ko ta yi aiki? Don wuyan nan..."

Na katse shi. "Injiniya, shekara ashirin ina kai wannan saƙon, ba a taɓa yi mini tambaya ba. Yadda ka gan ta haka za ka yi ta, sak!"

Ya ce to. Rashin sani ya fi dare duhu, ni a lokacin gani nake na nuna masa mu ma mun san aiki.

Washegari na ɗauki sanduna goma sha biyu, kowacce sumul, kai ka ce daga Turai aka sauke su. Na nufi Maruta ina danna hon tun daga nesa. Aka ɗaura ɗaya, aka zaunar da fuli, aka ja bel, aka tayar. Innalillahi! Injin ya kama rawa kamar mai zazzaɓi, fuli yana lilo, kafin a ƙirga goma bel ya yi tsalle ya faɗa cikin ƙaiƙayi. Aka canza wata, haka. Aka canza ta uku, haka.

Hajiya Hapsatu ta gyara mayafinta ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ashiru, wa ya yi wannan aikin? Kada ka ce mini Baba Dogara, don ko a makance ba zai yi haka ba." Da na faɗa mata gaskiya sai ta tafa hannu. "Kai dai Allah ya shirye ka! An aike ka gidan mai magani ka tafi gidan mai kwalliya. To kwashe kayanka, kuma ka san bakin da za ka yi wa tsohon nan bayani da shi."

Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Na koma Birnin Kudu, na zube sandunan gaban Baba tare da tsohuwar, na faɗa masa komai har da ƙaryar. Na shirya wa zagi. Amma bai zage ni ba. Ya ɗauki tsohuwar ya bi wuyanta da babban yatsa, ya ɗauki sabuwa ya bi, ya ɗauki wata, ya ɗauki wata, har ya gama da duka sha biyun. Sai na ga fuskarsa ta canza.

"Zo ka gani," ya ce. A jikin tsohuwar akwai wani ɗan ƙarci da waya ta taɓa yi, siriri, sai ka karkata ta wajen haske kake ganin sa. Ƙarcin nan yana jikin kowace sabuwa, a wuri ɗaya, zurfi ɗaya. "Subhanallahi. Ni ko biyu ban taɓa yi iri ɗaya haka ba. Kai ni in ga wanda ya yi wannan."

Na ɗauka faɗa za a yi, har ina shirya yadda zan shiga tsakani. Muna isa Musaddiq ya taso da sauri ya durƙusa ya gaishe shi, ashe tun yana yaro yake leƙen rumfarsa. Baba ya amsa a gajarce, idonsa na kan injin. Wani ƙaton akwati ne fari, ya kai girman ɗakin kwana, da ƙofar gilashi da allo mai haske a gefe.

"Tayar da shi in gani, ɗana."

Musaddiq ya ɗaura guntun ƙarfe, ya rufe ƙofa, ya danna maɓalli, ya ja da baya ya harɗe hannu. Jama'a, gani ya kori ji! Ƙarfen ya fara juyawa har ba ka ganin sa. Wuƙa ta taho da kanta, ta tsaya, ta sunkuya, ta shiga. Wani farin ruwa kamar madara yana feshi a kanta, ɓarɓashi na murɗewa yana zuba. Ta gama nan, ta ja da baya, sai wani faifai ya juya ya kawo wata wuƙar daban, ba wanda ya miƙa mata. Ba wanda ya tsaya ya auna. Ba wanda ya share gumi. Aikin da Baba yake wuni biyu a kansa, kafin in gama cin goro guda ya fito. Ni tsigar jikina ce ta tashi. Baba kuwa ya matsa har goshinsa na taɓa gilashin, bakinsa na motsi, ina jin yana ta tasbihi a hankali.

Da aka buɗe ƙofar ya juyo ya ce, "Injin nan ba shi da laifi. Abin da aka ba shi, shi ya bayar. Gaskiyarsa ce ta yi yawa." Sannan ya dube ni. "Kai kuma, shekara nawa kana kawo mini ƙarfe kana cewa in yi irinsa? Ko sau ɗaya ban taɓa yin irinsa ba. In da irinsa ake so, ai da ba a kwance shi ba. Abin da aiki ya cinye nake mayar masa."

Duk ƙasar nan ba wanda ya san haka, don bai taɓa faɗa ba, mu kuma ba mu taɓa tambaya ba. Mun kai wa sabon inji cinyayyiyar sanda, shi kuma ya yi mana cinyayyu goma sha biyu, sababbi ƙal.

Musaddiq ya ce, "Baba, in ka ba ni awon sabuwa, zai yi ta. Amma lamba yake ji."

Baba ya zaro tsinken awo, ya riƙe shi da kansa Musaddiq yana auna tsage-tsagen da wani ma'auni mai agogo. Tsawo ya samu, kauri ya samu. Sai aka zo wuya. A nan tsinke ba shi da abin faɗa, domin wuyan ba miƙaƙƙe ba ne. Yana ɗan tsukewa zuwa ƙarshe, kamar yadda ake sassaƙa ƙotar fartanya don ta ƙara kamawa in ta shiga. Nawa yake tsukewa? Baba ya ɗaga babban yatsansa. "Yana nan."

Gabana ya faɗi, don yatsan na karkarwa a iska kamar ganye. Sai Musaddiq ya ce akwai dabara. Ya sa injin ya feƙe guntayen wuya guda biyar, kowanne ya ɗara ɗan'uwansa tsukewa da abin da bai kai silin gashi ba. Ya jera su a kan tebur. Ni da na duba, duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Baba ya rufe ido ya miƙa hannu. Abin da na gani nan ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah. Hannun nan da ba ya iya riƙe kofin shayi, yana sauka a kan ƙarfe sai ya natsu. Ya bi na farko, ya ture. Na biyu, ya ture. A kan na huɗu ya daɗe.

"Wannan ya kusa. Rage masa a ƙarshe, kamar ɓawon albasa."

Musaddiq ya taɓa allonsa, injin ya sake yi. "Ka wuce. Mayar masa rabin abin da ka cire." Aka sake. Baba ya bi shi sau biyu, ya buɗe ido.

"Shi ne."

Musaddiq ya nemi gafara ya ce yana so ya tabbatar. Ya haɗa shi da sauran, ya cakuɗa su a cikin kwano, ya miƙa wa Baba idonsa a rufe. Ya ciro shi. Aka sake cakuɗawa, ya ciro shi. Karo na uku ni na cakuɗa da kaina, har da mugunta, na tura shi can ƙasa. Ya ciro shi. Musaddiq ya dubi agogon ma'auninsa, ya dubi yatsan tsohon, ya zauna a kan benci. "Baba, bambancin da kake ji, ni sai da wannan na'urar nake ganin sa. Na yi aiki da manyan injiniyoyi, ban taɓa ganin haka ba." Ni dai na rasa wanne zan fi mamaki, injin ko mutumin.

Da safe muka tafi Maruta da sabuwar sanda guda, Baba a kujerar gaba ya rungume ta a cinya. Aka ɗaura. Fuli ya shiga ya kama, ƙam. Aka tayar. Ba rawa, ba lilo, sai wani gurnani mai daɗi, sumul. Aka zuba dawa, tsaba ta fara kwarara cikin buhu, mata suka rangaɗa guɗa. Hajiya Hapsatu ta ce, "Ashiru, na yafe maka, amma rabi." Baba bai yi dariya ba. Yana tsaye gefe ya karkata kai yana saurare, ya daɗe a haka, sannan ya ce, "Muryarsa ta dawo. Mu tafi."

Kafin la'asar muka shigo Birnin Kudu. Na nufi tasha, sai ya ce in tsaya wurin Musaddiq. Injin na can yana feƙe sauran sha ɗayan, yana yi yana ajiyewa. Baba ya tsaya gaban gilashin.

"Ɗana, abin nan yana mantuwa?"

"Ba ya mantuwa, Baba. Na adana awon a wuri uku, da sunanka a kai."

"Ko ba na nan?"

Musaddiq ya sunkuyar da kai. "Ko bayan shekara hamsin aka zo, zai yi ta yadda ka ce."

"Hannunsa fa, zai yi rawa?"

"In ana kula da shi, ba zai yi ba."

Baba ya gyaɗa kai. Ya sa hannu a aljihun gaba, ya zaro tsinken awo, tsinken da ko matarsa ba ta taɓa riƙewa ba, ya miƙa wa Musaddiq. Hannun na karkarwa, amma bai janye ba. "Riƙe masa. Ni na gaji."

A mota ban kunna rediyo ba. Mun kusa tasha na saci kallonsa, sai na ga hawaye na bin gemunsa, bai kuma ɓoye ba. Na rage gudun motar. Shi ne ya yi magana, idonsa na kan hanya.

"Ashiru, shekara arba'in ina jiran a haifo wanda zan bar wa aikin nan. Ashe ba haifar sa za a yi ba, ƙera shi za a yi."